Bindigar da ke gane mai gaskiya tana cikin littafi ne kawai

Wata rana mutanen wani ƙauye suka wayi gari suka tarar da sabon shago a cikin garinsu, a wurin da jiya babu komai. Shagon sayar da bindigogi ne. Ƙofarsa tana da wani hali na ban mamaki: idan talaka ya taɓa ta sai ta buɗe, idan sojan sarauniya ko ɗan sandanta ya zo sai ta ƙi. Bindigogin da ke ciki ma ba irin waɗanda muka sani ba ne. Kowace ta san mai ita, kuma ba ta tashi sai an yi niyyar kare kai da ita ko farautar da aka halatta. Wanda ya saya don ya tare hanya ya yi asarar kuɗinsa.

Wannan ƙagaggen labari ne. Wani marubuci haifaffen Kanada, A. E. van Vogt, ya wallafa shi a wata mujallar Amurka a 1942, sannan a 1951 ya faɗaɗa shi ya zama littafi mai suna The Weapon Shops of Isher, wato shagunan makamai na daular Isher. Shekara fiye da 80 ke nan, amma har yau masu goyon bayan kowa ya mallaki bindiga a Amurka suna kafa hujja da shi.

Irin wannan rubutu shi ake kira ƙagaggen labarin kimiyya: marubuci ya ƙirƙiro wata na'ura ko wani zamani mai zuwa, ya zuba mutane a ciki ya ga yadda za su kaya. Ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, ya bi Kilba zuwa sararin samaniya, ya san irinsa.

Me ya kawo wannan magana a shafin labarai na Hausa? A duba mako guda a watan Yunin 2022. Ranar 23 ga watan, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa ɗan ƙasa yana da 'yancin fita da bindiga a bainar jama'a don kare kansa. Ranar 25, Shugaba Joe Biden ya sanya hannu a kan wata dokar da ta ɗan tsaurara binciken masu sayen bindiga. A daidai ƙarshen wannan makon ne gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi su sayi bindigogi su kare kansu daga 'yan bindiga. Muhawara ɗaya ce ake yi a nahiyoyi biyu, kuma hujjojin da aka goge a can su ne ke yawo a wayoyinmu a nan.

Ra'ayinmu shi ne waɗannan labarai suna da amfani wajen taimaka wa mutum ya yi tambaya, amma ba su isa a kafa doka da su ba. Kowanne daga cikinsu, na masu son bindiga da na masu ƙin ta, ya ɓoye wani siddabaru da ke ɗauke ainihin matsalar daga gaban mai karatu. Idan aka cire siddabarun, abin da ke saura shi ne aikin da gwamnatocinmu ke gudu: sanin wanda ke riƙe da makami, da hukunta shi idan ya yi ɓarna.

Abin da ya sa Amurkawa ke komawa ga littattafan

Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya tanadi 'yancin mallaka da ɗaukar makami. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce wannan 'yanci na kowane mutum ne a kan kansa, ba sai yana cikin wata rundunar tsaro ba. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato kimanin bindiga 120 ga kowane mutum 100. A 2021 kaɗai, alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna mutum 48,830 suka mutu ta hanyar harbi, kuma fiye da rabinsu kashe kansu suka yi.

Da irin wannan adadi, sai a ɗauka bincike ya yi yawa har ya raba gardama. Ba haka aka yi ba. A 1996 majalisar dokokin ƙasar ta hana hukumar CDC kashe kuɗi a kan duk abin da zai zama kira ga taƙaita mallakar bindiga. Hukumar ta ja da baya, binciken gwamnati a wannan fanni ya kwanta sama da shekara 20, sai a 2019 aka sake ware masa dala miliyan 25. Inda hujja ta yi ƙaranci, labari ne ke cin kasuwa. Kuma babu labarin da ya fi sauƙin kafa hujja kamar wanda ya faru a wata duniya, domin ba wanda zai je ya duba ko haka ne.

Shagon da ke tantance mai saye

Mu koma shagon van Vogt. Masu kafa hujja da shi suna ɗaukar saƙo ɗaya: matuƙar talaka na iya sayen makami, azzalumin shugaba ba zai taka shi yadda ya ga dama ba. Saƙo ne mai jan hankali, musamman ga wanda ya taɓa ganin zalunci da idonsa.

Amma a karanta labarin har ƙarshe. Jaruminsa, wani mai gyaran injuna da ake kira Fara Clark, masoyin sarauniya ne na gani-kashe-ni, kuma ya tsani shagon. Sai banki da wani babban kamfani suka haɗa baki suka raba shi da wurin sana'arsa. Ya shiga shagon ne don ya sayi bindigar da zai kashe kansa. Masu shagon suka gane halin da yake ciki, suka tura shi wata kotu tasu ta sirri, aka duba ƙararsa cikin ɗan lokaci, aka ci tarar waɗanda suka cuce shi, aka mayar masa da haƙƙinsa.

Wato abin da ya ceci Fara Clark kotu ce mai sauri da adalci. Shagon kuma yana tantance wanda zai shiga, yana sayar da makamin da ba ya yarda a yi zalunci da shi. Da za a kawo waɗannan sharuɗɗa gaban kowace majalisa a duniya a yau, da sun zama dokar taƙaita bindiga mafi tsanani da aka taɓa yi. Mai kafa hujja da littafin ya ɗauki bindigar ya bar ƙofar, ya bar kotun, ya bar sharaɗin da ke jikin kunamar.

Ladabin da ake saya da jini

Littafi na biyu da aka fi ambato shi ne Beyond This Horizon na Robert Heinlein, wanda ya fara fitowa a mujalla a 1942. Akwai wata jimla a cikinsa da ake bugawa a jikin riguna da bayan motoci a Amurka, wadda ke danganta ladabin al'umma da yawan makamin da ke hannunta. Dalilin da ake bayarwa shi ne idan kowa ya san ɗan uwansa na ɗauke da bindiga, kowa zai iya bakinsa.

Wace irin al'umma ce a cikin littafin? Al'umma ce da fito-na-fito da bindiga ya zama ruwan dare. Tun a farkon labarin, ana cin abinci a wani gidan abinci, ƙafar ƙaguwa ta suɓuce daga hannun wani ta faɗa kan teburin wasu. Aka ba da haƙuri, wani ya yi baƙar magana, kafin a tashi an harbi mutum. Wanda ba ya son ɗaukar bindiga sai ya ɗaura wata alama a damtse, a bar shi da ransa, amma dole ya riƙa kauce wa masu makami a hanya, ya haɗiye wulaƙanci. Wannan ne ladabin da ake magana.

Mu da muka ga ƙauyukan da ake yi wa ɗan bindiga “ranka ya daɗe” kafin a shiga gona, mun san wannan ladabin. Sunansa tsoro.

A zahiri ma an gwada wannan zance da alƙaluma. A 1998 masanin tattalin arziki John Lott ya fitar da littafi yana cewa jihohin Amurka da suka sauƙaƙa fita da bindiga sun ga raguwar laifuka. A 2004 wani kwamitin majalisar binciken kimiyya ta ƙasar ya duba hujjojin ya ce ba su isa a yanke wannan hukunci ba. A 2019 John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fitar da bincike da ya nuna cewa bayan shekara goma da yin irin wannan doka, laifukan tashin hankali sun ƙaru da kashi 13 zuwa 15 cikin 100 a kan yadda za su kasance da ba a yi ta ba. Ana ci gaba da gardama a kan lissafin, amma babu inda aka ga aljannar ladabin da aka yi alƙawari.

Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa siddabarun

Kada a ɗauka masu son bindiga ne kaɗai ke fakewa da ƙagaggun labarai. A 1999 Arthur C. Clarke da Michael Kube-McDowell suka fitar da The Trigger. A cikinsa wasu masana suka gano wata na'ura da ke tayar da duk wani albarushi da ke kusa da ita, ta yadda harsashi zai fashe tun yana cikin bindiga. Aka kafa ta a makarantu da ma'aikatu da filayen jirgi, bindiga ta zama kaya marar amfani a waɗannan wurare. Bahaushe zai gane wannan mafarki nan take, domin shi ne maganin bindigar da ake ba da labarinsa a zaure, sai dai an sa masa rigar kimiyya.

Littafin ya yi gaskiya a wuri ɗaya: ya nuna yadda masu cin moriyar makami za su yi yaƙi da duk abin da zai rage musu ƙarfi, kuma a ƙarshensa fasahar da aka yi don hana kisa ta buɗe ƙofar wani sabon makami. Amma tushen labarin ya tsallake tambaya mafi wuya. Na'urar tana kwance wa kowa ɗamara lokaci guda, ɓarawo da mai gida. A duniyar da muke ciki, idan aka ce a miƙa makamai, mai bin doka ne ke fara miƙawa, na cikin daji yana riƙe da nasa.

Haka fim ɗin The Purge na 2013, inda gwamnatin Amurka ta nan gaba ke halatta kowane laifi na tsawon awa 12 sau ɗaya a shekara. Masu adawa da bindiga suna nuna shi a matsayin inda ƙasar ta dosa. Masu son bindiga kuma suna cewa ai fim ɗin ya tabbatar da maganarsu, tunda wanda ba shi da makami a wannan dare shi ne nama. Labarin da kowane ɓangare zai iya ɗauka ya doki abokin hamayyarsa da shi bai raba gardamar komai ba.

Wanda ya fi su gaskiya wani gajeren labari ne na Fredric Brown mai suna The Weapon, na 1951. Wani baƙo ya ziyarci masanin da ke ƙera makamin da zai iya hallaka duniya, ya roƙe shi ya daina, ya ƙi. Kafin ya tafi sai ya bar wa ɗan masanin, yaro mai taɓin ƙwaƙwalwa, kyautar bindiga cike da harsashi. Uban ya karɓe ta yana rawar jiki, yana mamakin wane irin mahaukaci ne zai yi haka, bai lura cewa abin da shi kansa ke shirin yi wa duniya ke nan ba. Babu na'urar siddabaru a wannan labari. Tambaya ɗaya ya bari: hannun wa za a saka makamin?

Da aka yi ƙoƙarin ƙera ta da gaske

Bindigar da ta san mai ita ta daɗe a cikin irin waɗannan labarai. Alƙali Dredd, na littattafan zane na Birtaniya da suka fara fitowa a 1977, yana da wadda ba ta amsa hannun kowa sai nasa. A katun ɗin Japan mai suna Psycho-Pass na 2012, bindigar 'yan sanda ce ke auna zuciyar wanda aka saita ta yanke hukuncin ko ya cancanci harbi.

An gwada kawo wani ɓangare na wannan cikin rayuwa. A 2002 jihar New Jersey ta yi doka cewa da zarar irin wannan bindiga ta shiga kasuwa, bayan wani wa'adi ita kaɗai za a riƙa sayarwa a jihar a cikin ƙananan bindigogi. Wani kamfanin Jamus, Armatix, ya ƙera wata da ba ta tashi sai mai ita na sanye da wani agogo na musamman. A 2014 wani mai shago a jihar Maryland ya ce zai sayar da ita, aka yi ta yi masa barazanar kisa har ya janye, saboda masu son bindiga na tsoron sayar da ita zai tayar da dokar New Jersey. A 2017 wani mai kutse ya nuna cewa da maganaɗisun da bai wuce dala 15 ba za a iya harba ta ba tare da agogon ba. A 2019 jihar ta sassauta dokar.

Ko da an gyara duk waɗannan, abin da fasahar za ta iya shi ne ta gane yatsan mai ita. Hakan zai iya hana yaro wasa da bindigar ubansa, ya hana ɓarawo amfani da wadda ya sata, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba za ta san ko mai yatsan yana cikin fushi ba, ko ya sha wani abu, ko ya ɗauki maƙwabcinsa a matsayin ɗan leƙen asirin 'yan bindiga bisa jita-jita.

Fasahar da ta zo da gaske ma ta bi wata hanyar ce daban. A watan Mayun 2013 wani matashi a jihar Texas, Cody Wilson, ya saki zanen wata ƙaramar bindigar roba da ake iya fitarwa da na'urar da ke ƙera abu daga zanen kwamfuta. An sauke zanen kusan sau 100,000 cikin kwana biyu kafin gwamnati ta sa a cire. A watan Yulin 2022, a Japan da ke cikin ƙasashen da suka fi tsananin dokar bindiga, da bindigar haɗin gida aka kashe tsohon Firaminista Shinzo Abe. Kimiyya ta sauƙaƙa ƙera bindiga, ba ta ƙara mata hankali ba.

Bayan harin makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, inda aka kashe yara 20 da manya shida, shugaban ƙungiyar masu bindiga ta NRA, Wayne LaPierre, ya ce mutumin kirki mai bindiga ne kaɗai ke iya tsayar da mugu mai bindiga. Wani lokacin haka ne. A Yulin 2022 wani matashi ɗan shekara 22 ya harbe wani da ya buɗe wuta a wani kanti a jihar Indiana, ya ceci rayuka. Amma wata biyu kafin nan, a makarantar Uvalde ta Texas, jami'an tsaro 376 suka taru, aka ɗauki minti 77 kafin a shiga ajin da maharin yake. Yara 19 da malamai biyu suka mutu. Labari zai zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan biyun ya bar ɗayan. Mai yin doka ba shi da wannan damar.

Idan muka dawo gida

Babu mai hankalin da zai zauna a Abuja ko Kano ya yi wa mutumin Maru ko Batsari ko Sabon Birni wa'azin haƙuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da aka kora daga gonarsa, aka sace masa mata, ya kira jami'an tsaro ba su zo ba sai bayan an gama, yana da hujjar neman abin kare kansa da ta fi ta duk wani mai buga sitika a Amurka. Kuma mun ga inda tashin jama'a ya yi rana: a 2013 matasan Maiduguri da aka fi sani da 'yan kato-da-gora sun taimaka wa sojoji wajen fatattakar Boko Haram daga cikin birnin.

Manyan mutane sun sha yin wannan kira. Janar T. Y. Danjuma ya yi shi a Jalingo a Maris ɗin 2018. Ministan Tsaro Bashir Magashi ya ce wa jama'a su daina tsoro su tunkari maharan a Fabrairun 2021. Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya ce a nemi makami a Agustan wannan shekarar. Zamfara ta je har batun raba fom 500 ga kowace masarauta 19 ta jihar. Nan take Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

Ta fuskar doka, Irabor ya fi kusa da gaskiya. Dokar makamai ta 1959, wadda aka yi tun kafin samun 'yancin kai kuma har yau ita ce ginshiƙi, ta raba bindigogi gida uku. Manyan makaman yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigogin amfanin kai, irin na farauta, suna hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na gargajiya irin harba-ka-ruga kuma kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasisinsu. Wato abin da talaka zai iya samu bisa doka bai kama ƙafar AK-47 da ke hannun wanda ke kawo masa hari ba. Shugaban da ya ce masa ya kare kansa, ko dai yana tura shi fagen fama da abin da ba zai cece shi ba, ko yana tura shi kasuwar bayan fage, ya sayi makami daga hannun masu sayar wa 'yan bindigar.

Kuma mun riga mun gwada bindiga ba tare da ƙofa mai tantancewa ba. 'Yan sa-kai sun taso ne saboda ɓarayin shanu da 'yan fashi sun addabi mutane. Ba a daɗe ba aka fara kama Fulani a kasuwanni ana kashewa ba tare da shari'a ba, mai laifi da marar laifi. 'Yan uwan waɗanda aka kashe suka shiga daji, ramuwar gayya ta biyo baya, har gwamnatocin Zamfara da Sakkwato suka haramta ƙungiyoyin. Wannan ba ya wanke ko ɗan bindiga ɗaya daga ta'asar da yake yi. Yana dai nuna cewa wanda ya ɗauki bindiga da kyakkyawar niyya ma yana iya harbin wanda bai ji ba bai gani ba, kuma jinin ba ya tsayawa a nan.

A Maris ɗin 2025 aka tare wasu mafarauta a Uromi ta jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Sallah. 'Yan banga suka ga bindigogin farauta a motar, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Bindigogin nan ba su yi magana sun ce masu mu mafarauta ne ba. A ƙasar da ba a yarda da juna ba, kuma babu rajistar da za a duba cikin minti biyu, ganin bindiga a hannunka na iya zama hukuncin kisanka.

Ɓangaren masu cewa a karɓe makamai kawai shi ma sai ya sauko daga littafi. Ana yawan kawo misalin Ostireliya, wadda bayan kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996 ta tsaurara doka ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Ta yi nasara sosai. Amma Ostireliya teku ne ya kewaye ta, kuma wanda ya miƙa bindigarsa ya san idan ya kira 'yan sanda za su zo. Mu kuwa iyakokinmu a buɗe suke, makaman da suka fantsama bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 sun ratsa Sahel, ta teku ma a Janairun 2017 kwastam suka kama bindigogi 661 a kwantena ɗaya a Legas. Small Arms Survey ta ƙiyasta bindigogi sama da miliyan shida a hannun fararen hula a Najeriya.

Wani yoyon ma daga cikin gida yake. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, ciki har da AK-47 guda 88,078. Rundunar ta ƙalubalanci zancen ɓacewar makaman. Ko da kashi ɗaya cikin goma ne gaskiya, ya isa ya hana kowa barci.

Abin da muke kira a yi

Idan akwai darasi a shagon van Vogt, shi ne a gina ƙofar da kotun kafin a yi maganar kayan da ke kan kanta. Tunda babu injin da zai yi mana wannan aiki, mutane ne da hukumomi za su yi shi.

Na farko, Majalisar Tarayya ta sake duba dokar 1959 a bainar jama'a, ta saurari mafarauta da manoma da makiyaya da maƙera, ta fayyace wanda zai iya riƙe wace irin bindiga da kuma sharuɗɗan. Halin da ake ciki yanzu, inda gwamna ke cewa a saya, 'yan sanda na cewa an dakatar da lasisi, talaka kawai yake jefawa tsakanin ɗan bindiga da gidan yari.

Na biyu, cibiyar kula da ƙananan makamai da aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ta fara da rumbunan gwamnati. Kowace bindiga ta hukuma ta samu lamba da sunan wanda ke riƙe da ita, a riƙa ƙirgawa, a riƙa faɗa wa jama'a sakamakon. Wanda ya sayar da makamin gwamnati a gurfanar da shi a gani.

Na uku, rundunonin tsaron al'umma da jihohi suka kafa, irin wadda Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Katsina a Oktoban 2023 da Askarawan Zamfara na Gwamna Dauda Lawal a Janairun 2024, sun fi a ce kowa ya je ya nemo tasa, domin akwai suna da horo da wanda za a tuhuma. Amma sai an tabbatar ana ɗaukar mutane daga kowace ƙabila ta yankin, ana ajiye makamin a ma'ajiya bayan aiki, kuma akwai inda wanda suka zalunta zai kai ƙara a saurare shi. In babu waɗannan, 'yan sa-kai ne aka ɗinka wa kaki.

Na huɗu, a yi wa mafarauta da maƙeran bindigar gargajiya rajista mai sauƙi, da katin da ɗan sanda a Edo zai iya tantancewa kamar yadda na Kano zai iya.

Ga mai karatu kuma, idan aka turo maka guntun fim ko wata jimla daga littafi a WhatsApp ana cewa ga hujja kowa ya ɗauki bindiga, ko ga hujja a karɓe ta kowa, ka tambayi abin da marubucin ya ƙirƙiro don lissafinsa ya fita daidai. Za ka tarar da ƙofa mai gane fuska, ko kunama mai sanin niyya, ko na'urar da ke kashe albarushi. Babu ko ɗaya daga cikinsu a kasuwar Shinkafi ko ta Jibiya. Bindigar da ke can tana tashi a hannun duk wanda ya ja kunamarta, kuma za ta daɗe tana aiki bayan gwamnan da ya ce a saye ta ya bar mulki.